Gyara, Baba

Ba mai kiransa da sunansa na gaskiya a layin teloli. Kai, har matarsa in ranta ya ɓaci Kar-a-yar take ce masa. Sunan kuwa shi ya jawo wa kansa. Mai gyaran keken ɗinki ne, kuma duk keken da aka kawo masa, ko tsatsa ta ci rabin jikinsa, ko mai shi ya rantse ya gaji zai miƙa wa 'yan gwangwan, sai ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, kar a yar. Ajiye min shi nan." Sai ya kwance shi ɗaya bayan ɗaya a kan tsohon buhu, ya wanke da kananzir, ya yi ta lallaɓa shi yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. In ka dawo sai ka tarar keken yana zuba ɗinki, ko tsallake ɗaya babu.

Shagonsa shi ne na ƙarshe a layin, daf da babbar kwata. Ɗan ƙarami ne, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita kafin a juya. Akwai benci, akwai gwangwanayen madara cike da kusoshi da ƙananan ƙarafa, ga kawunan kekuna jere a kan kanta suna jiran layi. Tabaransa ma gyararre ne, hannu ɗaya na asali, ɗaya na waya.

Garin nasu ba birni ba ne, ba kuma ƙauye ba. Irin garuruwan nan ne da ke rataye a gefen babban birni, da safe bas ta kwashe mutane, da yamma ta dawo ta zube su. Tsakiyarsa kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne: shataletale guda, tashar bas, 'yar kasuwa, sai layin teloli da ya miƙe tsakanin tashar da kasuwar. A faɗi gaskiya, wurin yana neman taimako. Kwatar a buɗe take tun fil azal, in aka yi ruwa sai ta taso ta leƙo shaguna ta gaida mutane. Fitilun titi sun mutu tun yaran da ke da gemu yanzu suna rarrafe. Banɗaki kuwa, kowa da dabararsa.

Kar-a-yar ba shi da muƙami, ba ya shugabantar ko ƙungiyar tsintsiya. Amma in magana ta taso a layin, ko rigimar iyaka ce, ko wani baƙo ne ya zo da sabon tsari, abin da za ka fara ji shi ne, "Me Kar-a-yar ya ce?" Dalili kuwa ɗaya ne. Shekara arba'in da wani abu yana wurin, bai taɓa ce wa tela kekenka zai tashi ba, keken ya ƙi tashi. Abin da bai sani ba sai ya ce bai sani ba. Bai tara gidaje ba, bai sayi mota ba, wannan maganar tasa ita ce duk abin da ya mallaka, kuma ya san da haka.

Mutum ɗaya ne ba ya raga masa, wato telan da ke maƙwabtaka da shi, wanda ake kira Almakashi saboda bakinsa. Katako ne ya raba shagunansu, kuma a jikin katakon akwai wata 'yar kafa da suka huda tun suna samari. Ta nan suke miƙa wa juna man keke, da allura, da baƙar magana.

"Likitan matattu, ka tashi lafiya?" in ji Almakashi kullum da safe, ta cikin kafar.

"Lafiya lau, ɓarawon ƙyalle. Yau yadin wa za a rage?"

Haka suke tun gashinsu yana baƙi. In ɗaya bai fito ba, ɗayan ba ya iya aikin kirki a ranar.

Sai kuma Allura. 'Yar ƙanwarsa ce, an sa mata sunan ne don siririya ce tana yarinya. Mijin ƙanwar ya rasu Allura tana goye, shi ne Kar-a-yar ya haɗa kekuna uku da aka fid da rai da su, ya tayar da guda ɗaya, baƙi mai zanen furen zinariya a wuya, ya kai wa ƙanwar tasa. Da wannan keken ta ci ta sha, ta rufa wa kanta asiri. Da ita ma ta bi mijinta, sai ya ɗauko yarinyar da keken duka ya kawo gidansa. A kan bencin shagon nan Allura ta koyi karatu, tana rubutu littafinta yana shan man keke. Ya tsaya mata har ta gama jami'a, ta samu aiki a ofishin tsara gari. Ranar da ta yi aure ya goge keken uwarta ya ba ta, ya ce, "Ga mahaifiyarki nan, ki riƙe ta." Ya yi kuka a ranar, bai kuma ɓoye ba.

To, ita ce ta zo masa da maganar. Wata ranar aiki da hantsi ta sauko daga motar ofis, ta tsallake kwatar tana tattare siket, ta zauna a kan bencin nan kamar yadda ta saba.

"Kawu, za a gyara tsakiyar gari," in ji ta. "An ce sai an ji ra'ayin mazauna kafin a taɓa komai. Za a yi taro a zauren makarantar firamare. Amma ka san mutanenka, da sun ga motar gwamnati sai su kama zargi. In kai ka yi magana za su saurara."

"Gyara kika ce?"

"Gyara, Kawu."

Nan fa ta same shi. Da ta ce masa sabuntawa, ko ci gaba, ko wani dogon Turanci, da ya sauke tabarau ya yi mata tambaya goma. Amma gyara? Ai gidansa aka zo. A wurin Kar-a-yar gyara ma'anarsa ɗaya ce tak: ka kwance abu, ka wanke, ka sauya abin da ya ci, ka mayar da kowace kusa raminta. In ka gama aka ga ragowar kusa a kan buhu, to ba ka gyara ba, ɓarna ka yi. Bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai wani gyaran ba wannan ba.

Tana fita sai ga murya ta cikin kafar katako.

"Na ji komai. Kai, likitan matattu, ka tambaye ta wane irin gyara ne. A wurinmu teloli, in aka kawo riga aka ce a gyara, almakashi muke fara ɗaukowa."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Yarinyar da na raina a kan bencin nan ce za ta yanke ni?"

"Ni dai na faɗa."

Ranar taron zauren ya cika maƙil, manya sun takure a kan kujerun yara, gwiwa tana taɓa haɓa. A gaba an ajiye tebur, a kansa an gina ɗan ƙaramin gari na kwali, da 'yan motoci, da bishiyoyin soso masu koren fenti. Wani mai kwat ya yi jawabi, wani saurayi yana ta zagayawa da kyamara. Daga nan aka ce kowa ya faɗi abin da yake so garin ya zama.

Wayyo, ashe mutane a cike suke! Mai sayar da zare da maɓalli, wata bazawara mai 'ya'ya huɗu da shagonta ke tsakiyar layin, ta ce ita dai a rufe kwata, ɗanta ya taɓa faɗawa ciki har sai da aka aske masa kai. Direban bas ya ce a faɗaɗa tasha, ya gaji da juya mota kamar mai juya gado a ɗaki. Wani malamin makaranta ya ce a yi ɗakin karatu. Matasa suka ce fili suke so na ƙwallo, da fitilu, da wurin zama. Wata tsohuwa ta miƙe da ƙyar ta ce a yi banɗaki, ta zauna, aka tafa mata fiye da kowa. Mai kemis ya ce a kori masu talla daga bakin titi, masu talla suka ce a kori mai kemis. Ana ta dariya, mai kwat yana ta gyaɗa kai yana cewa an ji, an ji.

Almakashi bai yi dariya ba. Tashi ya yi ya je gaban teburin, ya sunkuya a kan garin kwalin, ya daɗe yana dubawa.

"'Yata," ya ce da Allura, "ga shataletale na gani, ga tasha, ga kasuwa. Ina layinmu? Ni bishiyoyi nake gani a nan da wani abu mai gilashi."

Allura ta yi murmushi ta ce, "Baba, wannan misali ne kawai, ba a gama shi ba. Shi ya sa muka zo jin ta bakinku."

"To a gama shi mu gani, sai mu ba da bakin."

Guna-guni ya tashi. Wasu teloli har sun fara neman takalmansu. Sai Allura ta juyo ta dubi kawunta, irin kallon da take yi masa tana yarinya in lissafi ya gagare ta. Shi kuwa ya miƙe. Aka miƙa masa makirfo, ya riƙe shi nesa da baki kamar zai cije shi.

"Jama'a," ya ce, "kun san sana'ata. Abin da ya lalace, ko a gyara shi ko a yar da shi. Waɗannan mutane ba su ce za su yar da mu ba, gyara suka ce. Gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba. Kwatar nan ta ishe mu, duhun nan ya ishe mu. Yarinyar nan 'yata ce, a gabanku ta girma. Ni na yarda a gyara. Duk wanda aka taɓa masa shago, ya zo ya kama ni."

"Garin gyaran gira dai ake rasa ido," in ji Almakashi daga gefe, amma tafi ya danne muryarsa.

Mai kwat ya ce wanda ya amince a gyara tsakiyar gari ya ɗaga hannu. Kar-a-yar ya ɗaga. Mai zare ta dube shi ta ɗaga. Teloli suka dubi juna, suka dube shi, hannuwa suka yi ta tashi. Almakashi ne na ƙarshe. Ya yi tsaki, ya ɗaga nasa rabi, ya ce, "Don kai ne, ba don su ba." Mai kyamara kuwa yana ta aikinsa.

Magana zarar bunu ce. Damina ba ta ƙare ba aka wayi gari da jan fenti a ƙofar kowane shago a layin, tun daga na farko har na bakin kwata. Waɗanda suka shafa fentin suka ce su aiko su aka yi. Aka ce an tanadar wa teloli sabon wuri a bayan gari, can gaba da inda bas take juyawa. Aka ce ai mazauna ne da kansu suka amince, akwai hoto, akwai murya.

Ranar ba a yi ɗinki ba. Mutane suka taru a ƙofar Kar-a-yar, ba su zage shi ba, da ma zagin suka yi da ya fi sauƙi. Mai zare ce kawai ta matso, ɗan autanta yana riƙe da gefen zanenta, ta ce, "Baba, ka ce in an taɓa mu mu zo mu kama ka. Ga ni na zo. Ta ina zan kama?"

Ya ce kuskure ne, a ba shi zuwa yamma. Ya sa rigarsa ta fita unguwa, ya hau bas zuwa ofishin tsara gari, yana tafe yana ce wa kansa masu fenti ne suka ɓata layi, yarinyar nan ba ta sani ba.

Ofishin Allura yana hawa na biyu, da sanyin na'ura da labule. Ta taso da sauri ta ba shi kujera, ta aika a kawo ruwa. Bai zauna ba, domin idonsa ya riga ya sauka a kan garin kwalin nan, yana ajiye a kan wani tebur a kusurwa. Yana nan yadda yake ranar taro, bishiyoyin soso a inda layinsu yake, ba a ƙara ko ɗan akwatin ashana ba. Ƙura ma ta fara kwanciya a kan rufin gilashin.

"Kin ce ba a gama shi ba."

Ta juya tana tattara takardun kan teburinta.

"Allura, tambayarki nake. Ranar da kika zauna a kan bencina, kin san za a tashe mu?"

"Kawu, an riga an sa hannu tun kafin a ba ni aikin. Ko kun yarda ko ba ku yarda ba, yi za a yi. Na ga gara a yi cikin lalama, kada a zo da 'yan sanda a ji wa wani ciwo. Kuma sabon wurin ba laifi, na sa an ware maka shago na farko, mai taga."

"Ba wannan na tambaye ki ba."

Ta sunkuyar da kai tana wasa da biro. Can ta ce, "Ban taɓa ce maka ba za a tashe ku ba, Kawu. Gyara na ce."

Wallahi da mari ta ɗauke shi da shi da ya fi masa. Ashe ta zaɓi kalmar ne. Ta san shi ciki da bai, ta san inda za a taɓa ya buɗe, kamar yadda shi ya san kusar da ake fara kwancewa a jikin keke. Da ɗan gari akan ci gari, ya sha faɗa wa mutane wannan, bai taɓa zaton shi ne ɗan garin ba. Ba shagon ne ya fi ƙona masa rai ba, a'a, hannuwan nan ne da suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya saboda shi. Ya juya ya fita, ya bar ruwan a hannun masinja.

Da ya dawo layin, jama'a suna nan suna jira. Ya tsaya a gabansu ya ce, "Ba kuskure ba ne. An yaudare ni, da ni kuma aka ci ku." Suka watse ɗaya-ɗaya, kowa ya shiga kwance kantarsa.

Katafila ta zo, abin da aka yi shekara arba'in ana ginawa bai kai mata azahar ba. Aka kewaye wurin da kwano, a jikin kwanon kuma aka kafa wani ƙaton allo da duk wanda ya sauka daga bas sai ya gani. Hoton Kar-a-yar ne, tabarau mai hannun waya, hannu a sama, an rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe: MUN YARDA A GYARA. Matarsa ta daina bin ta tasha in za ta kasuwa, sai ta zagaya ta bayan asibiti.

Sabon wurin kuwa, Allah ya kyauta. Shaguna ne na bulo a jere a tsakiyar fili, da fenti mai kyau, da banɗaki har biyu, sai dai ba mutane. Wa zai hau bas har ƙarshen layi, ya taka a ƙasa, don a rage masa tsawon wando? Da can mace za ta sauka daga aiki ta miƙa ɗinki, ta shiga kasuwa, ta fito ta karɓa. Yanzu teloli sai su wuni suna kallon awaki. Kar-a-yar ya ƙi karɓar shagon mai taga, ya ɗauki na can ƙurya. Almakashi ya samu na kusa da shi, amma bangon bulo ne a tsakani, ba kafa, ba mai huda shi. Da safe sai su yi sallama a waje kamar kowa, kowa ya shige.

Mai zare ce ta fara tafiya, ta koma aikin wanki a gidajen mutane. Matasan teloli suka ɗora kawunan kekuna a kafaɗa suka shiga yawon unguwanni. Wata rana rigima ta tashi a kan wanda zai riƙe makullin famfo, ana ta cacar baki a ƙofar Kar-a-yar, yana zaune yana ji. Wani yaro sabon zuwa ya ce, "To a tambayi Baba mana." Sai wani ya ce, "Wane Baban? Rabu da shi, kada ya yarda a gyara mu." Aka yi dariya kaɗan, aka ci gaba da rigimar. Tun daga ranar bai ƙara jin an ce me Kar-a-yar ya ce ba.

Almakashi ya jure har shekara ta kusa zagayowa. Ran nan da hantsi sai ga shi a ƙofa, rungume da kan kekensa, ya dire shi a kan benci.

"Ɗana ya matsa in koma wurinsa. Ido ya yi rauni, ciniki babu. Ga wannan, ka ba wanda ka ga dama, ko ka yar."

"Kar a…" Kar-a-yar ya fara, sai maganar ta maƙale.

Ya so mutumin ya zage shi. Ya so ya ce masa likitan matattu, ya ce ai na faɗa maka, ya yanka shi da bakin nan nasa son ransa. Amma Almakashi sai ya miƙa masa hannu a mutunce, kamar baƙo, ya ce, "To, Malam, sai wata rana. Allah ya sa mu gana." Malam! Shekara arba'in bai taɓa ce masa Malam ba. Kar-a-yar ya bi bayansa da kallo har ya ɓace a kan hanyar tasha, sannan ya zauna ya rufe fuska da tsumman goge mai.

Allura ta zo gida sau da yawa. Matarsa takan karɓe ta, shi kuwa da ya ji muryarta sai ya sa takalmi ya fita ta ƙofar baya. Ba ya iya zaginta, 'yar ƙanwarsa ce. Ba ya kuma iya kallonta.

Bayan an buɗe sabon ginin da 'yan watanni, wata kusa ta gagare shi samu, dole ta sa ya shiga tsakiyar gari. Ya sauka daga bas ya tsaya yana kalle-kalle. Ba zai yi ƙarya ba, wurin ya yi kyau. An rufe kwata, an sa fitilu, ga banɗakin tsohuwar nan da tayil har bango. Inda layinsu yake an yi dogon gini mai gilashi, ana sayar da wayoyi da rigunan kanti, a gabansa wurin ajiye motoci da 'yan bishiyoyi, daidai yadda suke a kwalin. A saman ƙofa an rubuta Dandalin Teloli. Ya duba gabas ya duba yamma, ko tela ɗaya babu.

Sai ya hango wani abu a bakin mashigar motoci, a kan ɗan dakali na siminti. Keken ɗinki ne, an kafa shi don ado. Tun daga nesa ya gane wuyan nan. An shafe shi da fenti mai ƙyalli, amma zanen furen yana nan ya ɗan taso a ƙarƙashi, ga kuma gurbin da ya cike da hannunsa a gindi ranar da ya haɗa uku suka zama ɗaya. Keken ƙanwarsa ne. An manna ɗan ƙarfe a jikin dakalin, an rubuta cewa kyauta ce daga wata 'yar layin, don tunawa da teloli.

Hannunsa ne ya tafi da kansa, ya kama wilin zai juya. Wilin ya ƙi motsi. Ya sunkuya ya gyara tabarau, sai ya ga an bi duk gaɓoɓin da walda, an like su don kada yara su yi wasa da shi. Keken da ko jiya aka sa masa mai zai yi ɗinki, an kashe shi da gangan don a tuna da shi. Ya laluba aljihu ya fito da sukudireba, ya tsaya riƙe da ita, ya rasa inda zai sa ta. Ba kusa ɗaya da ta rage wadda za ta kwantu.

"Baba! Kai, Baba!"

Mai gadi ne, wani matashi da kaki da sanda, ba ɗan garin ba ne, bai san shi ba. Yana nuna masa wata farar mota da ta tsaya a bayansa tana jira.

"Gyara mana, Baba. Ka tare hanya, mota za ta shiga. Gyara!"

Kar-a-yar ya dube shi. Kalmar da ya ci abinci da ita duk rayuwarsa, yau ya ji ta da ɗayar fuskarta, wadda kowane ɗan dako yake faɗa a kasuwa kullum, shi kuwa bai taɓa haɗa su ba. Ashe tun ranar farko abin da ake ce musu ke nan. Ba su ji ba ne, shi kuma ya tashi ya fassara musu ba daidai ba.

Ya mayar da sukudirebar aljihu, ya ja da baya ya hau gefen titi. Motar ta matso a hankali, sai ta tsaya daidai inda yake. Gilashin baya ya sauka.

"Kawu!" in ji Allura. Ta buɗe ƙofa tana ƙoƙarin fitowa, idonta ya kawo ruwa. "Kawu, don Allah tsaya. Shigo in kai ka gida, mu yi magana."

Ya dubi keken, ya dube ta. Yarinyar da ta yi rubutu a kan bencinsa ce, har yanzu in za ta yi kuka leɓenta na ƙasa ne yake fara rawa, irin na uwarta. Ya cire hularsa, abin da bai taɓa yi wa na ƙasa da shi ba, ya ɗan rusuna.

"Wuce abinki, ranki ya daɗe," ya ce. "Ai na gyara."